Mai gida ya ba da notis: ina mai tara labarai ta RSS zai mai da kayansa?

Saƙon ya same ni a teburin mai shayin bakin layinmu a Unguwar Rimi, ina jiran a soya mini ƙwai. Imel ne ɗan gajere daga masu manhajar da na shekara shida ina tara labarai a cikinta. Sun gode wa kowa, sun ce kuɗin riƙe kwamfutocinsu ya fi abin da ke shigo musu, nan da kwana talatin za su rufe, kowa ya zo ya kwashe nasa ya nasa. Na karanta sau biyu, shayin ya huce a gabana. Mai shayi ya dube ni ya ce, "Malam, lafiya? Ko albashin ne ba a yi ba?" Na ce masa a'a, mai gidan haya ne ya ba ni notis. Ya ce Allah ya kawo wanda ya fi shi. Ban tsaya yi masa bayani ba, don addu'ar ta dace da halin da nake ciki.

Ni malamin sakandare ne, amma akwai wani aiki da na ɗora wa kaina. Kowace safiya kafin bakwai nakan tura wa zauren tsofaffin ɗalibanmu na WhatsApp abin da ya fito na tallafin karatu da ɗaukar aiki da sanarwar jarrabawa, in haɗa musu da kanun labarai biyar ko shida. Shafuka 112 nake bi. Babu mahaluƙin da zai buɗe shafi 112 ɗaya bayan ɗaya tsakanin sallar asuba da ƙararrawar makaranta. RSS ne ke yi mini wannan zagayen.

Wanda ya tashi a Kaduna zamanin da mai jarida ke zaga ofisoshi a kan keke ya san tsarin. Kai ne za ka gaya masa: New Nigerian kullum, Gaskiya Ta Fi Kwabo ranar da ta fito. Shi kuma ya kawo. Ba ya cusa maka wadda ba ka ce ba, ba ya cire shafi na uku don yana ganin ba zai burge ka ba. Shafukan intanet da yawa suna ajiye wani ɗan fayil da ke jera sababbin abubuwan da suka wallafa, shi ne RSS, ni bututu nake ce masa. Manhajar da ke zagayawa tana leƙa bututan nan, tana tara maka abin da ya zubo wuri guda, ita ce matattara. Fasahar ta kwana biyu, tun 1999 kamfanin Netscape ya fito da ita, kuma har gobe ita ke kai shirye-shiryen fodkas cikin wayoyin mutanen da ba su taɓa jin sunanta ba.

Rufe matattara kuwa ba yau farau ba. A ranar 13 ga Maris 2013 Google ya sanar cewa zai rufe Google Reader, wadda ta fara aiki a 2005 kuma ta danne duk sa'o'inta. Dalilin da ya bayar shi ne masu amfani da ita sun ragu, kuma yana son ya rage yawan kayan da yake kula da su. Ranar 1 ga Yuli aka rufe. Feedly ya ce cikin kwana biyu da sanarwar mutum 500,000 suka kwararo wurinsa. Digg da AOL su ma suka buɗe nasu matattarun a shekarar don su tari 'yan gudun hijira, duka kyauta, kuma duka biyun suka rufe a farkon 2018. A Yulin 2025 Mozilla ya rufe Pocket, inda mutane ke ajiye rubutun da za su karanta daga baya. Duk wanda ya jera waɗannan sunaye zai lura da abu guda: yawancinsu ba kai ke biyan kuɗin wutarsu ba, kuma wanda ke biya yana da wata sana'ar da ta fi ta muhimmanci a wurinsa. Shi ya sa da na fara neman sabon wuri, kafin in kalli kyan fenti, sai da na tambayi wa ke riƙe da gidan, da me yake cin abinci.

Amma kafin maganar zaɓe, akwai kwasar kaya, kuma nan ne na yi ɓarna. Kowace matattara ta kirki tana ba ka damar fitar da jerin bututanka cikin fayil guda da ake kira OPML. Fayil ne ɗan mitsitsi, bai kai girman hoto ɗaya na waya ba, kuma kusan kowace matattara tana karɓarsa. Na fitar da nawa a daren, na tura wa kaina ta imel, na kwanta ina ganin na gama. Abin da ban tuna ba shi ne OPML sunayen shafuka da adireshinsu da jakunkunan da ka raba su kawai yake ɗauka. Ba ya ɗaukar labaran da ka sa wa tauraro, ba ya tuna abin da ka karanta da wanda ba ka karanta ba. Ina da rubuce-rubuce sama da ɗari huɗu da na yi wa alama cikin shekarun nan, ciki har da bayanin yadda ake cike wasu takardun neman tallafin karatu da nake komawa gare su duk shekara. Sai ana saura kwana biyu na farga, na zauna ina kwafe adireshinsu da hannu har ƙarfe ɗayan dare. Na tsira da ɗari da 'yan kai. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, ni a tasha na fafe nawa. In notis ya zo maka, ka fara da taurarin, jerin shafuka aikin minti biyu ne.

Yanzu ga ainihin mararrabar, wadda na ga masu ba da shawara suna tsallake ta suna tafiya kai tsaye wurin sunayen manhajoji. Matattara iri uku ce, gwargwadon wanda ke yin zagayen. Akwai wadda kwamfutocin kamfani ke zagaya maka dare da rana, kai sai dai ka shiga da kalmar sirri ka karanta. Akwai wadda wayarka ce da kanta ke zagayawa, babu rajista, babu kamfani a tsakani. Sai kuma wadda kai ne za ka kafa ta a kan kwamfutarka ko wadda ka yi haya.

Dalilin da ya sa wannan rabe-raben ya shafe mu fiye da mutumin Landan shi ne bututu ba rumbu ba ne. 'Yan abubuwan ƙarshe kawai yake riƙewa. Shafin da aka gina da WordPress, in mai shi bai taɓa saitin ba, guda goma na baya-bayan nan yake nunawa, na sha ɗaya yana shigowa na farko ya faɗi. Jaridar da ke wallafa labari sittin a yini tana iya juye bututunta kakaf tsakanin azahar da la'asar. In wayarka ce mai zagaye, kuma datarka ta ƙare ranar Juma'a ba ka sayi wata ba sai Litinin, abin da ya zuba a tsakani ya bi ruwa. In kamfani ne, kana dawowa za ka tarar da shi a jere yana jiranka. Mutanen Birnin Gwari da Giwa da sauran sassan jihar nan da aka katse wa layukan waya a ƙarshen Satumban 2021 saboda matsalar 'yan bindiga sun yi kusan wata biyu babu sabis. Wanda matattararsa ke kan waya, da ya dawo labari goma na ƙarshe zai samu daga kowane shafi. Wanda tasa ke hannun kamfani, wata biyun nan suna ajiye.

To bari in fara da gidajen haya, kuma manyan cikinsu biyu ne.

Feedly shi ne sunan da kowa zai fara kira maka. Ya girmi rufewar Google Reader, tun 2008 yake, kuma shi ya fi kowa cin gadonta. Shimfiɗarsa tana da kyau, hotuna manya kamar mujalla, wanda bai taɓa jin RSS ba zai gane kansa cikin minti biyar. Tsarinsa na kyauta yana karɓar bututu 100 cikin jaka uku. Ɗarin ba ta dame ni sosai ba, don da na tace jerina na tarar tara sun daɗe da mutuwa, saura 103, zan iya sadaukar da uku. Jaka ukun ce ta tsaya mini a wuya. Ina da jaka takwas: tallafin karatu, aiki, jarrabawa, labaran Hausa, labaran Turanci, darasin da nake koyarwa, noma, sai ta ƙwallo wadda ba na tura wa kowa. In na cusa su cikin uku, sanarwar aiki guda ɗaya mai muhimmanci za ta nutse a ƙarƙashin labaran siyasa hamsin. Bincike cikin abin da ka tara shi ma sai wanda ya biya. Kuma duk mai lura zai ga cewa hankalin kamfanin a 'yan shekarun nan ya karkata wajen manyan ma'aikatu masu bin diddigin barazanar kutsen kwamfuta da motsin kasuwa. Wannan fuska biyu gare shi. Gidan yana da kuɗin shiga, ba na jin zai rushe gobe, amma kai mai ɗakin kyauta ba kai ne ake yi wa shara ba.

Inoreader kuma a 2013 aka haife shi, a Bulgeriya, cikin guguwar rufe Google Reader. Ranar farko da na buɗe shi sai da na ji kamar na shiga shagon kayan gyaran mota a Panteka, maɓallai ta ko'ina, ba ka san na taɓawa ba. Bayan kwana uku ido ya saba. Kyautarsa bututu 150 ce, jakunkuna kuma na jera takwas ɗina ba wanda ya ce mini kanzil. Yana ba ka bincike cikin shafukan da kake bi ba tare da ka biya ba, kuma yana ajiye tsofaffin labarai: abin da ya wuce kwana talatin yakan ɗauke shi a matsayin wanda aka karanta, amma in ka gangara ƙasa yana nan. Ga mai aiki irin nawa wannan babban abu ne. Ɗalibi zai tambaye ni, "Malam, wannan tallafin na ƙasar Hungary bara wane wata aka buɗe?" sai in rubuta kalmar in gani. Farashin kyautar shi ne talla a tsakanin labarai, kuma kayan daɗin duka suna bayan katanga: dokokin da za su tace maka labari su sa masa alama da kansu, karɓar wasiƙun imel cikin matattara, bin tashoshin Telegram, da sauke jaka don karatu ba intanet. Kuɗin shiga bayan katangar ba na malamin makaranta ba ne.

In aka ce in zaɓa tsakanin su biyun kawai, ga mai bin shafi ashirin ko talatin don jin daɗin karatu Feedly ya ishe shi, kuma zai fi samun natsuwa a ciki. Mai tono, wanda ke komawa baya yana neman abin da aka faɗa watan jiya, ɗan jarida ko ɗalibin digiri na biyu da ke zirga-zirga tsakanin KASU da ɗakin karatun Arewa House, Inoreader ne nasa. Hotunan Feedly ma abin lura ne, don suna cin data, tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Duka biyun suna da saitin nuna kanu zalla ba hoto, kuma shi ne abu na farko da ya kamata ka kunna.

NewsBlur na uku ne, kuma ina da rauni a kansa. Wani mai suna Samuel Clay ya fara shi a 2009, lambobin ginin manhajar a buɗe suke ga kowa, don haka ko kamfanin ya tashi wani na iya kafa irinsa. Abin da ya keɓanta da shi shi ne horarwa. A kan kowane labari kana iya nuna masa cewa kana son wannan marubucin, ba ka son waccan kalmar a kanu, sai ya riƙa ɗaga waɗanda kake so da koren launi yana ɓoye waɗanda ka ƙi. Na horar da shi mako guda ya daina nuna mini rikicin cikin gida na jam'iyyu, na ji kamar an cire mini ƙaya. Sai dai kyautarsa bututu 64 ce, sama da sulusin jerina ke nan a waje. Cikakkensa dala 36 ne a shekara.

Sauran zan wuce su da sauri. The Old Reader an gina shi ne don masu kewar tsohuwar Google Reader da yadda abokai ke raba wa juna labari a cikinta, to in abokanka ba sa ciki amfanin ya ragu. Feedbin tsaf yake, babu talla, amma babu ɗakin kyauta sam, dala 5 ne duk wata a lokacin da na duba. Miniflux ya fi su ban sha'awa a wurina: rubutu ne zalla, fari da baƙi, yana buɗewa ko da sabis sanda ɗaya ne, yana iya jawo cikakken labari daga shafin da ya ba da guntu, kuma mai shi yana riƙe maka a kan dala 15 a shekara.

Dalolin nan a bakin Bature ba komai ba ne. Mu sai mun juya su. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. In ka yi lissafi da 1,500, Miniflux ya kama naira 22,500 a shekara, NewsBlur 54,000, Feedbin 90,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake 70,000 a wata. Ko kana da kuɗin ma, akwai hanyar biya. Daga 2022 bankuna da yawa suka rage abin da katin naira zai iya saya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya wasu suka rufe ƙofar gaba ɗaya, sai a tsakiyar 2025 wasu suka sake buɗewa da iyaka. Wanda ya jingina karatunsa na kullum da biyan dala ya san cewa wata rana ba kamfanin ne zai kore shi ba, katinsa ne zai ƙi. Don haka duk inda za ka biya, ka duba tun farko abin da zai faru da kayanka in wata ya zagayo ba ka biya ba. Wanda ke da ɗakin kyauta zai mai da kai can, wanda ba shi da shi sai waje.

Nau'i na biyu, wanda waya ke yin zagaye da kanta, a jirgin ƙasa na gwada shi. Ina da taro a Abuja, sai na sauke Feeder, manhajar Android ce ta kyauta, ba talla, ba rajista, ana samunta a Play Store da F-Droid. Na zuba mata fayil ɗin OPML, cikin ƙiftawa da bismilla jakunkunana takwas suka bayyana. A kan shafukan da ke ba da kanu da layi biyu kawai, kamar yadda BBC Hausa ke yi, na kunna saitin jawo cikakken labari. Na bar ta ta cika cikinta a gida da asuba, na hau jirgi a Rigasa. Wanda ya saba bin hanyar ya san yadda sabis ke wasan ɓuya da mutum daga an wuce Kakau har a kusa Jere. Wani dattijo da ke kujerar kusa da ni yana ta ɗaga wayarsa wajen taga. Da ya ga ina ta gangara rubutu ba tsayawa sai ya leƙo ya ce, "Ɗana, wane layi kake amfani da shi haka?" Na ce, "Baba, ba layi ba ne, guzuri na yo daga gida." Kafin mu isa Idu na karanta abin da ya fi arba'in, na kuma saka masa ita a wayarsa da bututu huɗu: BBC Hausa, DW, RFI da Aminiya.

Wannan shi ne ƙarfinta, kuma babu wanda zai aiko maka da notis, don babu mai gida. Ko wanda ya rubuta manhajar ya daina kula da ita, tana nan a wayarka tana aiki, jerinka kuma kana fitar da shi lokacin da ka so. Rauninta shi ne wanda na faɗa a baya, na bututun da ke zubewa in ba ka kusa. Akwai na biyu: wayoyin Android da yawa suna kashe manhajar da ke aiki a ɓoye don tattalin batir, sai ka shiga saiti ka cire mata takunkumi, in ba haka ba ka wayi gari ba ta zagaya ko'ina ba. Na uku, in aka fizge wayar a cunkoson Kasuwar Barci, taurarinka sun tafi tare da ita. Mai iPhone yana da kwatankwacinta, NetNewsWire, ita ma kyauta ce kuma tana daidaita wayar da kwamfutar Mac ta iCloud. Mai zaman ofis da kwamfuta kuwa, manhajar imel ta Thunderbird tana karanta RSS, mutane da yawa suna da ita ba su sani ba.

Nau'i na uku ƙanena ne ya kawo shi. Ya karanta kimiyyar kwamfuta, kuma a wurinsa duk wanda ke ajiye kayansa a kwamfutar wani ya yi asara. Ya ce, "Yaya, ka bar wannan yawon hayar. Ka ba ni tsohuwar laftof ɗin nan, zan kafa maka FreshRSS, naka na kanka, ba iyaka." Gaskiyarsa ta wani fannin. FreshRSS kyauta ce, ba ta da nauyi, tana ɗaukar mutane da yawa kowa da ɗakinsa, ba ruwanta da 100 ko 150, tana da bincike da tacewa. Abin dariya ma, yaren da take magana da manhajojin waya irin su FeedMe shi ne wanda Google Reader ta bari, uwar ta mutu amma harshenta na nan. Ya kafa ta cikin awa biyu, ta yi aiki kamar agogo kwana tara. A na goma aka ɗauke wuta tun safe, hadari ya hana sola cika batir, laftof ɗin da batirinta ya daɗe da mutuwa ta yi shiru. Na kira shi, yana wurin ɗaurin aure a Zariya. Ya ce, "Yaya, ai sai a yi hayar sabar a waje, dala biyar ce kawai a wata." Na ce masa to mun dawo gidan jiya ke nan, ga haya, ga dala, ga kuma gyaran rufi a wuyana.

Ba ina kushe hanyar ba ne. Ga gidan rediyo ko ƙungiya ko sashen jami'a da ke da mutum goma masu buƙata da ma'aikaci guda da aikinsa ne kula da kwamfutoci, ita ce ta fi araha kuma ta fi mutunci. Kamfanonin da ke ba da masaukin shafi a nan gida suna karɓar naira, kuma FreshRSS tana zama a irin masaukin da ake ɗora WordPress. Amma mutum ɗaya wanda bai iya ba, ya dogara da ƙani ko aboki, ya sauya mai gida ne kawai, daga kamfanin da zai ba shi kwana talatin zuwa yaron da zai iya samun aiki a Legas ranar Litinin.

Akwai abubuwan da ba matattarar da za ta gyara maka, gara ka sani kafin ka zargi sabon gida. Hukumomi da makarantu da yawa a nan ba sa sabunta shafinsu, a Facebook ko X suke sakin sanarwa, su kuwa waɗannan ba su da bututu. Abin da nake yi shi ne in buɗe Google Alerts da kalmomin da nake so, in zaɓi a kawo mini ta RSS maimakon imel, in zuba adireshin a matattara. Ba ya kama komai, amma yana kama abin da jaridu suka ɗauka. Shafin da ba ka ga alamar RSS a kansa ba, gwada ƙara /feed a ƙarshen adireshinsa, in WordPress ne galibi zai buɗe. Tashoshin YouTube ma kowace tana da nata bututun, manna adireshin tashar kawai ya isa a yawancin matattaru.

Sai matsalar da ta shafi harshenmu. Wasu shafukan suna rubuta ƙasa da ɗalibi da lanƙwasa, wasu kasa da dalibi, wasu ma k'asa. Kwamfuta ba ta san abu ɗaya ba ne. In ka nemi "ɗaukar aiki" a cikin abin da ka tara, wanda aka rubuta "daukar aiki" yana iya wuce ka, kuma shi ne ya fi yawa. Duk bincike ko tacewa da za ka yi da Hausa, ka yi shi sau biyu, da lanƙwasa da babu. Na yi mako biyu ina mamakin yadda aka daina ɗaukar aiki a ƙasar nan kafin in gano haka.

Ga inda na tsaya. Jerina gaba ɗaya yana Inoreader na kyauta, shi ke zagaye ko ina barci ko data ta ƙare, kuma a kwamfutar makaranta ma ina buɗe shi. Shafuka ashirin da na fi karantawa don kaina na zuba su a Feeder, saboda tafiya da ranakun da sabis ya ƙi. Taurari kuwa na daina barinsu a hannun kowa: duk abin da na san zan nema baɗi, ina kwafe kanunsa da adireshinsa cikin wani fayil nawa a ranar. Ran ɗaya ga wata, in na ga alat ɗin albashi ko ban gani ba, nakan fitar da sabon OPML in tura wa kaina. Da aljihuna zai ɗauki dala ba tare da na ji a jikina ba, Miniflux zan biya, don mai shi wannan ce sana'arsa kuma in ya gaji manhajar a buɗe take. Matata da ke bin shafukan girki da ɗinki goma sha biyar Feedly na saka mata, ba ta taɓa kawo ƙara ba. Ƙanena yana nan da FreshRSS ɗinsa, ya sayi sabon batir, yana jiran ranar da zan dawo in ce ya yi gaskiya.

Bayan na cire matattun nan tara na ƙara faɗakarwar Google huɗu, jerina ya tsaya a 107. Saura gurbi 43 kafin in taɓa rufin 150. In ranar ta zo, jakar ƙwallo ce za ta fara fita, shafi goma sha ɗaya ne a ciki kuma duk labari ɗaya suke maimaitawa.